Kifin Lome da Babban Yatsan Baba

Shekaruna hamsin a duniya sun goge mini abubuwa da dama daga ƙwaƙwalwa, har da waɗanda na taɓa rantsewa ba za su goge ba. Amma makonni ukun da na yi ina farautar wani kifin teku, a ƙasar da ba ta da teku, sun zauna daram. Ina jin ko ranar da zan manta sunan unguwarmu ba zan manta su ba.

A lokacin ina aiki a buro, wato ofishin noma na Agiye, ban kai arba'in ba, kuma ina ɗauke da dipilom ɗin jami'a kamar yadda sabon alhaji yake ɗauke da haƙorin Makka. Idan tsutsa ta shiga zangarniyar hatsi, ni ake kira in faɗi sunanta da Latin, ko da yake ban taɓa ganin faɗin sunan ya fitar da ita daga gonar kowa ba. Na yi imani a wancan zamanin cewa duk abin da ke da suna yana da takarda, kuma duk abin da ke da takarda yana hannuna.

Mahaifina yana gida a Cadawa. Yanar ido ta rufe masa idanu shekaru kafin nan, mahaifiyarmu ta rasu, ƙanwarsa da muke kira Gwaggo ce take kula da shi. A samartakarsa ya tafi biɗa, wato cirani, har Lome, ya yi dako a bakin teku, yana ɗaukar kwanonin kifi daga jiragen masunta zuwa wurin matan da ke banda shi. Daga can ya dawo da rediyo, da tabo a hannu, da labaran da suka ishe shi har tsufa. Ya ga kifin da ya fi jaki tsawo. Ya ga ruwan da yake tafiya da safe ya dawo da yamma ba wanda ya aike shi. Mutanen zaurensa suna saurare, suna cewa ikon Allah, suna ƙyafta wa juna ido, tunda mai labarin ba ya gani.

Dole in bayyana wani abu a nan, don shi ne ƙashin maganar. Ni ne ɗan farinsa, kuma Baba mutumin da ne, mai riƙon kunyar ɗan fari da gaske. Bai taɓa kiran sunana ba. Ba ya yi mini magana kai tsaye sai amsa gaisuwa, ita ma sama yake jefa ta, duk wanda ta faɗa wa ya ɗauka. Idan yana da saƙo, ko ina zaune a ƙofar ɗakinsa, Gwaggo zai kira ya ce, "Ki ce wa mutumin buro kaza." Ita kuma ta juyo ta maimaita mini abin da na riga na ji. Da ƙannena yana hira, yana zagi, yana dariya. Ni kuwa mutumin buro ne, kafin nan ɗan lakol lokacin da nake makaranta, kafin nan wancan yaron. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba. Haka muka taso, kuma a gaskiya tsarin ya yi mini daɗi, don ya raba ni da doguwar hira da wanda nake ganin ba shi da abin koya mini.

A bazarar wata shekara zazzaɓi ya kwantar da shi. Zazzaɓin ya sauka, amma ya tafi da cin abincinsa. Ya ƙi tuwo, ya ƙi romon kaza, fura ma da ba ya wuni ba tare da ita ba sai ya kurɓa sau biyu ya ture. Majo, wato babban ma'aikacin gidan likita na garin, ya gaya mini a tsaye cewa maganin da yake ba shi ba zai yi aiki a cikin da babu komai ba. Idan tsoho bai fara ci ba, sai dai a kai shi Maraɗi a yi masa ƙarin ruwa. Baba da ya ji, ya ce a gaya wa majo ƙafarsa ba za ta taka asibitin Maraɗi ba sai dai in an ɗauke shi bai san inda kansa yake ba.

Ana cikin haka Gwaggo ta kira ni a salula.

"Kai ɗan nan, ya yi magana. Ya ce kihi yake so."

"Alhamdu lillahi. Tarwaɗa ko ƙarfasa? In aika tafkin Madarunfa a samo."

"Ya ce ba na taɓo ba. Na teku, irin wanda ya ci a Lome. Ka zo ka ji sunan da kunnenka, ni bakina bai iya ɗaukarsa."

Ranar Asabar na je. Na durƙusa a ƙofar ɗaki na yi gaisuwa, ya amsa wa rufin ɗakin. Gwaggo ta ce ya sake faɗin sunan. Ya haɗa leɓɓansa, ya saki wani sauti kamar an cire marfin kwalba: akpala. Ya maimaita sau biyu, da alfaharin mutumin da ya san duk Cadawa shi kaɗai ke iya furta shi. Na ciro ƙaramin littafina na rubuta.

Yau idan na tuna wannan zaman, nakan tambayi kaina me ya hana ni cewa Gwaggo ta tambaye shi kamannin kifin. Tsawonsa nawa, yana da ɓawo ko babu, wace irin ƙaya gare shi. Na daɗe ina ɗora laifin a kan al'ada, wai ɗan fari ba ya tsare ubansa da tambayoyi. Wannan rabin gaskiya ne. Sauran rabin shi ne na samu suna, kuma a ganina wanda ya samu suna ya gama aiki.

Na fara da babbar kasuwar Maraɗi, wurin wani mai busasshen kifi da yake kawo kaya daga Najeriya. Na karanto masa sunan daga littafi.

"Ai panla kake nufi, Alhaji," in ji shi, ko tunani bai yi ba. "Can Ikko haka ake ce da shi. Mutanen Lome ne dai bakinsu ya karkace."

Ya miƙo mini wani bandajjen kifi da aka lanƙwasa, wutsiyarsa a cikin bakinsa, kamar gammo. Sunan ya yi kusa, mutumin yana magana da tabbaci, kuma ya kira ni Alhaji alhali ko filin jirgi ban taɓa zuwa ba. Na saya. Gwaggo ta gyara shi ta yi miya mai kyau, ta kai. Ina zaune a ƙofa Baba ya ɗanɗana, ya tauna a hankali, ya ajiye.

"Ki ce wa mutumin buro an gode. Ki ce mishi in auduga nike so, akwai ta cikin matashin kaina."

Na koma Agiye raina a ɓace, amma ba da kaina ba, da rashin tsarin duniya. Na yanke shawarar in bi abin ta hanyar ilimi. Na samo farar takarda a buro, na ja layuka da abin awo, na ware wa kowace ƙasa gurbinta. Sannan na shiga tambayar mutane: abokin aikina da ya yi karatu a Dakar, wani malamin lakol da ya zauna Abijan, da direban babbar mota da ke zuwa Kwatano da Gana. Cikin kwanaki kaɗan takardar ta cika, kuma abin da ta nuna mini ya isa ya sa mai hankali ya yi laushi. Kifin da Faransawa suke kira makoro, a Najeriya taitus ne, a Gana kuma, in ji direban, saman ake ce masa, alhali a ƙamus ɗina mai irin wannan sunan wani kifi ne dabam mai jan nama, na ƙasashen sanyi. Ƙaramin da muke cewa sardin, a Najeriya shawa ne, a Senegal yaboy. Kifi ɗaya yana da sunaye uku, suna ɗaya yana kan kifaye biyu. Kowace ƙasa ta yi wa abin da ya fito daga ruwa ɗaya suna yadda ta ga dama, ba ta shawarci maƙwabciyarta ba. Ni kuwa maimakon in yi laushi, sai na ƙara layi.

Babu akpala a bakin ko ɗaya daga cikinsu. Abin kunyar shi ne, a Maraɗin nan akwai matan Togo masu sayar da abinci, waɗanda da na tsaya gaban tukunyar ɗaya daga cikinsu na furta kalmar, da ta nuna mini da ludayi kafin in rufe baki. Tunanin bai zo mini ba. Na tambayi masu takarda da masu mota, ban tambayi masu girki ba.

Abokina na Dakar ne ya kawo hujjar da ta burge ni. Ya ce, "Ka yi tunani mana. Ɗan dako a bakin teku me zai ci? Abin da talaka yake ci. Talakan bakin teku kuwa yaboy yake ci, daga Dakar har inda ruwan ya ƙare." Na ga magana ce mai kai da ƙafa. Na sayo sardin ɗin ƙanƙara, Gwaggo ta soya. Wanda ya san kifin nan ya san Allah ya yi masa ƙananan ƙayoyi kamar gashi. Loma ta biyu ɗaya ta soke Baba a dasashi, sai da Gwaggo ta sa yatsu ta zaro ta.

"Ki ce mishi," in ji Baba yana tofarwa, "in gado yake sauri, gonar ba ta da girman da za a kashe ni da allura saboda ita."

Mako na uku na kawo makoro, don shi ne mai tsada a cikin waɗanda na sani, kuma na riga na ƙudurta a raina cewa kifin da mutum zai yi shekara arba'in yana yabo ba zai zama na banza ba. Ya shinshina, ya taɓa da harshe, ya ce mai ya yi masa yawa, wannan kifin matan masu kanti ne. Bai ƙara ba.

A ranar na lura da wuyan hannunsa. Fatar ta saki, kamar rigar da aka ba wanda ba nasa ba. Majo ya zo ya duba shi, ya kira ni gefe ya ce shi kam ya ba mu zuwa ƙarshen mako, daga nan ko tsoho ya so ko ya ƙi, Maraɗi za a tafi. Tsoro ya kama ni, kuma ni irin mutanen nan ne da tsoro yake fita musu ta hanyar iya magana. Na sami Gwaggo a tsakar gida tana wanke kwanoni, na tsaya a kanta na yi jawabi.

Na ce na tambayi mutanen ƙasa huɗu, babu wanda ya san wannan kifi. Na ce a ilimance, idan an nemi abu ta kowace hanya ba a same shi ba, ya kamata a fara tunanin ko akwai shi. Na ce Baba ya tsufa, ƙwaƙwalwa tana haɗa abin da aka gani da abin da aka yi mafarki, kuma kada mu manta wannan shi ne mutumin da ya ga kifin da ya fi jaki tsawo.

Gwaggo ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ka gama?"

"Na gama."

"To, idonsa ne ya mutu, ba kunnensa ba. Tagar ɗakin ga ta nan bayanka."

Ban juya ba. Ban iya ba. Daga cikin ɗaki muryarsa ta fito, ba ƙarfi, ba kuma fushi a cikinta, abin da ya fi fushin zafi.

"Ki ce mishi gaskiya ya hwaɗi. Babu kihin. Lome ma ban je ba, nan bayan gari na ɓoye shekara shida. Ki ce ya huta."

Washegari ko kurɓi biyun furar bai yi ba. Gwaggo ta kira ni tun ina hanyar buro ta ce, "Jiya da cuta muke faɗa, yau da zuciya. Kai ka ɗaura wannan, kai za ka kwance." Ta kashe salular.

Ban shiga buro ba. Na hau mota zuwa Maraɗi, na nufi wani babban shagon kifin ƙanƙara da ake sauke kwalaye daga bakin teku. Mai shagon wani ƙaton mutum ne sanye da rigar sanyi a tsakiyar bazara, saboda shiga da fita ɗakin ƙanƙara. Na shimfiɗa masa takardata a kan teburi, na fara bayani gurbi gurbi. Ya bar ni na kai Gana, sannan ya ɗaga hannu.

"Shef, tsaya. Ni ban san akpala ba. Kwali nake saye, kwali nake sayarwa. Rubutun jikin kwalin ma wani lokaci ba Faransanci ba ne, ba Turanci ba, ban san na waɗanne bayin Allah ba ne. Masu sayena mata ne, ba sa kiran suna. Su zo su nuna da yatsa su ce wancan. Tsohon naka ya ga kifayen da kake kai masa?"

"Ba ya gani. Makaho ne."

"Hannunsa fa? Shi ma ya makance?"

Sau uku ina kai wa Baba kifi, sau ukun a dafe, a yanke, cikin miya ko cikin mai. Mutumin da ya yi shekaru yana ɗibar kifi ɗanye da hannu, ban taɓa sa masa guda ɗaya cikakke a tafinsa ba.

Mai shagon bai jira in gama jin kunya ba. Ya shiga ɗakin ƙanƙara ya fito da kifi shida, kowanne irinsa dabam, da kai da wutsiya. Na ƙarshen da ya ɗora wani matsakaici ne mai ruwan toka da manyan idanu. Na san shi, yana cikin takardata: shinshar a wurinmu, kote a Najeriya. Na ce ya bar wannan, ai na kowa da kowa ne, ba shi ba ne.

"Ka san wanda ba shi ba ne, amma ba ka san wanda shi ne ba," in ji shi. "Ilimi ke nan." Ya jefa shi cikin sauran. Da ya duba bai ga abin naɗewa kusa ba, ya ja takardata, da layukanta da ƙasashenta, ya naɗe kifayen da ita, ya sa a leda, ya sa a kwali.

Tafiyar Maraɗi zuwa Cadawa ba ta da nisa idan mota ta tashi. Matsalar ita ce tashin. Na shiga motar tun hantsi, ba ta cika ba sai bayan azahar. Direba ya ce idan aka ɗora kwalin a sama rana za ta dafa kifin kafin mu fita gari, don haka na rungume shi a cinya. Ƙanƙara ta gama narkewa tun muna tasha. Kafin mu wuce shingen jandarma ruwan ya huda kwalin, ya jiƙa wandon da na goge don zuwa buro, ya gangara cikin takalmina.

Kusa da ni wani dattijon Bafillace ne, makiyayi, da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Ya ja rawaninsa ya rufe hanci, ya daure iya daurewarsa, sannan ya dube ni.

"Malam, gawa ka ɗauko?"

"Kifi ne, baba."

"Kihi!" Ya juya ga sauran fasinjoji kamar mai kai ƙara. "Allah ya yi nagge, ya yi nono, ya yi nama. Mutum da wandon bature ya bar duk wannan, ya rungumi abin da ba shi da ƙahwa."

Wata mata mai buhunan albasa a baya ta ce, "Bar shi, baffa, ma'aikaci ne. Wata ya yi nisa, shi ya sa ya koma sana'a." Motar ta kwashe da dariya, har direba. Da muka tsaya a shinge, jandarma ya leƙo da kai don duba katin shaida, ya shaƙi iskar ciki sau ɗaya, ya gama dubawa da saurin da ban taɓa gani ba.

Na ce musu mahaifina ne ba shi da lafiya, ya ƙi cin komai sai wani kifi da ban san shi ba. Dariyar ta lafa. Bafillacen ya sauke rawanin kaɗan ya ce, "To, in don tsoho ne, riƙe da kyau. Allah shi ba shi lahiya." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma riƙe can wajenka."

Na isa gida bayan la'asar, ƙudaje suna yi mini rakiya. Dattawa biyu abokan Baba suna zaure, suka biyo ni ciki don ganin abin da ke wari. Gwaggo ta dubi wandona, ta ɗauko babban tire ta wanke kifayen ta jera. Baba yana kwance ya ba ƙofa baya. Ta ce masa ga mutumin buro ya zo da kaya. Ya ce a ce masa ya mayar. Ta shiga da tiren duk da haka, ta ajiye a bakin tabarmarsa.

Ba maganar kowa ce ta tashe shi ba, warin ne. Na ga kafaɗarsa ta motsa. Ya ja numfashi mai tsawo ya ce, "Wa ya kawo teku gidan nan?" Gwaggo ta tallafe shi ya zauna, ta kama hannunsa ta ɗora a kan tiren.

Ya ɗauki na farko, ya shafa daga kai zuwa wutsiya, ya ce wannan mai man ne na rannan, ya ture. Na biyu ya ce mai alluran nan ne da aka so kashe shi da shi. Na uku dogo ne mai laushi, ya matsa cikinsa ya ce audugar ce, ashe haka take kafin a lanƙwasa ta. Na huɗu ya juya shi sau biyu ya ce bai san shi ba, kuma bai ga alamar ya yi asara ba. Dattawan nan suna ta dariya, shi kuwa fuskarsa ba ta motsa ba.

Sai hannunsa ya faɗa kan shinshar ɗin, wanda na ce a bari.

Ya ɗaga shi. Babban yatsansa ya bi gefen kifin daga tsakiya, ya gangara wajen wutsiya, ya tsaya. Ya koma ya sake bi. A gefen wannan kifi akwai wani layi mai tauri, ƙananan ƙayoyi a jere kamar haƙoran zarto, wanda ni da na sha ganin kifin ban taɓa lura da shi ba. Baba ya daɗe yana bin layin nan, leɓɓansa suna motsi ba sauti.

Sannan ya miƙo ɗaya hannun cikin iska, wajen ƙofa, inda ya san nake durƙushe.

"Kawo hannunka."

Na dubi Gwaggo, ina jiran ta maimaita. Ba ta maimaita ba, ta yi mini alama da haɓa. Na matsa. Ya kama babban yatsana da ƙarfin da ban zaci ya rage masa ba, ya danna shi a kan layin, ya ja shi baya, ta inda ƙayoyin suke cizo.

"Ka ji?"

"Na ji, Baba."

"Ka ji zarton nan? Shi ya yanka mini hannu shekara shida. In ka zuba hannu cikin kwano da sauri, shi ke gaishe ka." Ya juya tafinsa ya ɗora yatsana a kan tsofaffin tabban da na sani tun ina yaro ban taɓa tambayar asalinsu ba. "Wannan ƙarya ce?"

"A'a, Baba."

"To, shi ne akpala."

Iyakar abin da ya faɗa mini ke nan. A shekaruna kusan arba'in, ita ce hira mafi tsawo da muka taɓa yi ba da ɗan aike ba, kuma a kan mataccen kifi muka yi ta.

Gwaggo ta matso. Ta karɓi kifin ta kai shi bakin ƙofa wajen haske, ta duba, sai ta fashe da dariya har ta dafa bango.

"Wannan? Wannan ne ka je Dakar da Gana nema? Ai shi matan bakin hanya ke soyawa kullum! Gida biyar tsakaninmu da kaskonsu!"

Gaskiya ta faɗa. Suna yanka shi gunduwa gunduwa, su soya, su sayar, ba su kira shi komai sai kifi. Ɗaya daga cikin dattawan ya tambayi Baba me ya sa bai ce mai zarto a gefe ba tun farko, a huta. Baba ya ce, "Wa ya tambaye ni? Suna aka tambaye ni, na ba da suna."

Ya hana a soya. Ya ce a tsaga shi ta baya, a sa gishiri da barkono, a gasa a kan garwashi yadda suke yi a bakin ruwa idan matan banda sun ba su ladan dako. Gwaggo ta yi yadda ya ce, yana ba ta umarni daga ɗaki kamar yana ganin wutar. Da aka kawo, ya ci gefe guda tas, ya juya ya ci rabin ɗayan, ya tsotse kan. Ya nemi ruwa, sannan ya tambaya ko akwai sauran fura. Gwaggo ta fita damawa tana share ido da bakin zane, tana cewa hayaƙi ne.

Dattijon ya ce, "To, yaya? Ya yi kamar na Lome?"

Baba ya yi gyatsa ya ce, "Ina! Na Lome da ransa yake zuwa. Wannan ya gaji da tahiya, ya fi ni jin jiki. Amma shi ne." Ya karkata kai wajen ƙofa, ya shaƙi iska, ya ɗaga murya yadda Gwaggo za ta ji daga tsakar gida. "Ki ce wa mutumin buro ya tahi ya wanke wandonsa. Ya cika mini ɗaki da ƙuda."

Ba a kai shi Maraɗi ba. Daga kifin ya koma fura, daga fura ya koma tuwo, majo ya zo ƙarshen mako ya tarar da shi a zaure yana ba da labarin ruwan da ke tafiya ya dawo. Ya ƙara damina da dama a duniya kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma har ya koma bai sake yi mini magana kai tsaye ba. Ban nemi ƙari ba.

Abin da na koya bai da tsawo, ko da yake na biya shi da wando da mutunci. Suna alama ce da mutanen wani wuri suka yarda da ita a tsakaninsu, idan ka ƙetare iyaka sai ta canza, abin kuwa yana nan yadda yake. Na yi makonni uku ina tambayar kowa yadda ake kiran kifin, ban tambayi mutum ɗaya da ya san yadda yake ba, kuma da na gaza, sai na ga ya fi mini sauƙi in ƙaryata ubana da in yi zargin takardata. Tun daga ranar, idan manomi ya zo buro ya ce wani ƙwaro yana cin gonarsa, ya kira shi da sunan da ban taɓa ji ba, ba na buɗe littafi. Nakan ce ya tashi mu je ya nuna mini.